Garin da Ya Tashi, Sarautar da Ta Saura: Hijira da Riƙon Asali a Gusau, Tsafe da Bungudu

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda al'ummar da aka raba da garinta take riƙe asalinta, ta ɗauki misali daga tsohuwar ƙasar Katsina Laka da maƙwabtanta, inda Gusau da Tsafe da Bungudu suke a yau. Hujjarta ita ce, kewar gida ita kaɗai ba ta cika wuce 'ya'ya ta kai ga jikoki ba. Abin da ke kai asali ga na baya shi ne wani tsari mai rai da mutane suka fita da shi, kuma a wannan yanki sarauta ce ta ɗauki wannan nauyi. An kwatanta da 'yan ƙasar Latbiya da suka tsere wa Tarayyar Sobiyet a 1944, sannan an duba halin 'yan gudun hijirar Zamfara na yau.

Gabatarwa



Aƙalla sarakuna uku ne ake kira Sarkin Katsina a yau. Ɗaya yana birnin Katsina, ɗaya yana Maraɗi cikin Jamhuriyar Nijar, na ukun kuwa yana nan Gusau, babban birnin jihar da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka raɗa mata suna Zamfara. Mu da muka tashi muna jin ana cewa Sarkin Katsinan Gusau ba ma ganin abin tambaya a ciki, sai baƙo ya zo ya ce, me ya kawo Katsina nan? Idan ya kama hanyar Funtuwa ya isa Tsafe, zai ji ana kiran sarkin garin Yandoto, alhali ya riga ya wuce garin Yandoto a hanya.

Ba mu kaɗai ba ne. Akwai Sarkin Zamfara a Anka, akwai wani a Zurmi. Akwai Sarkin Gobir a Tsibiri da Sabon Birni da Isa. Sarkin Kabi yana Argungu, ba Birnin Kabi ba, kuma akwai Sarkin Zazzau a Suleja ban da na Zariya. Sau da yawa, idan ka ga sarauta ba ta amsa sunan garin da take zaune, to, yaƙi ne da ƙaura a bayanta. Kuma sarautun kan zo biyu-biyu: ɗaya a hannun tsohon gidan da aka kora, yana riƙe da ita da hujjar gado, ɗaya a hannun waɗanda suka ci ƙasar, suna riƙe da ita da hujjar tuta.

Yandoto da rabuwar mutanenta

Kafin jihadi, Yandoto babban birnin ilmi ne a kudu maso yammacin daular Katsina. Riwayar baka tana danganta kafuwarta da Wangarawa, tana kuma cewa daga nan Muhammadu Korau ya fito, wanda ya kayar da Sanau ya kafa sabon gidan sarauta a Katsina. Ke nan Yandoto ba ƙauyen bakin iyaka ba ne a wurin Katsinawa. Tana cikin tushen labarin da suke ba kansu.

Da kiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ƙarfi, malaman Yandoto suka rabu. Mafi yawan manyansu ba su yarda da shi ba, waɗanda suka yarda kuwa zama ya gagare su, suka fita. Cikinsu akwai Malam Sambo Ɗan Ashafa. Tsakanin ƙarshen 1805 da farkon 1806 Muhammadu Bello ya sauka kusa da birnin, ya nemi malamansa su fito a yi muƙabala, suka ƙi, aka yi yaƙi, birnin ya faɗi. Wannan shi ne yadda Bello ya ba da labari a Infaƙul Maisur, wanda ya rubuta a 1812. Ya kamata mai nazari ya tuna cewa bakin wanda ya yi nasara muke ji a nan. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna muhimmancin karanta irin waɗannan rubuce-rubuce tare da riwayoyin garuruwan da abin ya shafa.

Abin da ya dame ni a nan ba wanda ya fi gaskiya ba ne. Gari ɗaya ya haifar da hijira biyu cikin 'yan shekaru. Ta farko ita ce ta Malam Sambo da jama'arsa, waɗanda suka fita suna ganin kansu a kan sawun Shehu da ya bar Degel zuwa Gudu a 1804. Su ne suka kafa Gusau, aka kuma danƙa wa Sambo kula da wannan sashe na ƙasar Katsina, daga nan sarautar Sarkin Katsina ta samo asali a gidansa. Ta biyu ita ce ta masu mulkin Yandoto da waɗanda suka bi su bayan faɗuwar birnin. Riwayar da ta shahara ita ce sun yi ta sauya mazauni har suka tabbata a Tsafe, a gindin duwatsu, suka ci gaba da kiran shugabansu Yandoto.

Tsakanin Tsafe da Yandoto ba wata tafiya ba ce, mai ƙafa zai je ya dawo a yini. Sau da yawa muna ɗaukar hijira kamar sai an ƙetare teku ko hamada. Mutanen Tsafe suna iya hango yankin da iyayensu suka bari, amma ikonsa ya fita hannunsu. Nisan hijira ba da kilomita ake auna shi ba, da wanda ke yanke hukunci a kan gona da kasuwa da masallacin Juma'a ake auna shi.

Su ma mutanen Gusau ba su tsira ba. Hare-haren Katsinawan Maraɗi da abokan ƙawancensu sun tilasta wa gidan Sambo barin garin, suka zauna a Wonaka, suka zauna a Rawayya, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Bungudu a yau, sai bayan shekaru masu yawa suka komo Gusau. A cikin dukan labaran da takardar nan ta taɓo, wannan ne kaɗai aka fita aka kuma dawo a matsayin gari guda. Dalilin, a ganina, a fili yake: sun fita da sarkinsu da limaminsu da masu unguwanninsu, don haka ranar da hanya ta buɗe, akwai wanda zai ce a tashi, a kuma ji maganarsa.

Maraɗi, inda aka ɗauke fada ɗungurungum

Birnin Katsina ya faɗi a 1807. Sarki Magajin Halidu ya mutu a Ɗankama, Ɗan Kasawa ya ja sauran jama'a zuwa Damagaram, daga baya wajen 1819 suka kafu a Maraɗi. Ba su kira kansu sarakunan Maraɗi ba. Sun ce su ne Katsina, wanda ke zaune a birnin kuwa ɗan riƙo ne. Suka sake gina fadar kamar yadda suka baro ta, da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi a matsayin masu zaɓen sarki, da Iya mai kula da sha'anin mata da bori. M. G. Smith ya yi bayanin wannan tsari a nazarinsa kan Maraɗi zamanin Ɗan Baskore, sarkin da ya shafe kusan shekara 20 yana kai hari cikin ƙasar daular Usmaniyya da burin komawa gida. Garuruwan kan duwatsu na yankinmu sun shiga tsaka mai wuya a wannan tsawon lokaci. Lokacin da Heinrich Barth ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, ya tarar da shi yana shirin yaƙi zuwa wajen Kwatarkwashi.

Ba su koma ba. Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka ja layi tsakanin Maraɗi da Katsina a farkon ƙarni na 20, burin ya mutu, sunan ya saura. Bamaraɗen yau ba ya mafarkin ƙwace birnin Katsina. Sarautar da aka kafa don iƙirarin komawa ta rikiɗe ta zama shaidar zama ɗan Maraɗi. Haka ma a Tsafe: wanda ya ji waƙar da Musa Ɗankwairo ya yi wa Yandoton Tsafe Aliyu ba tsohon birnin malamai ke zuwa masa a rai ba, Tsafe ce da sarkinta. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tarihin nan ya gaskata rabin maganar ne kawai. Gidan ya bar su, amma sunansa ya bi su ya zama harsashin wani gidan.

Darasi daga gaɓar tekun Baltik

Zan fita daga ƙasar Hausa na ɗan lokaci, don kada a ɗauka wannan halin namu ne mu kaɗai.

Latbiya ƙaramar ƙasa ce a arewa maso gabashin Turai, babban birninta Riga. Tarayyar Sobiyet ta mamaye ta a watan Yunin 1940, Jamus ta ƙwace ta a 1941, sojojin Sobiyet suka dawo a 1944. Mutanen ƙasar ba su manta da daren 14 ga Yunin 1941 ba, lokacin da aka kwashi kimanin mutum 15,000 a jiragen ƙasa zuwa Sabiriya. Saboda haka da suka ga Sobiyet na dawowa, fiye da mutum 100,000 suka tsere, wasu a kwale-kwalen kamun kifi zuwa Suwidin, mafi yawa zuwa Jamus. Bayan shekaru a sansanonin gudun hijira, aka rarraba su zuwa Amurka da Kanada da Ostareliya da Ingila.

Ba su da sarki, amma sun fita da malaman makaranta da limaman coci da marubuta da mawaƙa masu yawa, kuma tun suna sansani suka buɗe makarantu da jaridu cikin harshensu. A Amurka sun kafa ƙungiyar ƙasa baki ɗaya a 1951. Sun buɗe makarantun ranar Asabar don yara su koyi harshe da tarihi. A birnin Münster na Jamus sun riƙe cikakkiyar makarantar sakandare mai koyarwa da harshensu har zuwa 1998. Bikin waƙoƙin ƙasa da aka fara a Riga a 1873, inda dubban mutane ke rera waƙa da murya ɗaya, suka ɗauke shi suka kai Shikago da Toronto a 1953. Abin da ya fi kama da Maraɗi shi ne ofishin jakadancinsu na Washinton: Amurka ta ƙi amincewa da mamayar, don haka ofishin ya ci gaba da aiki shekara 50 da sunan ƙasar da babu ita a taswira.

Su dai ƙasarsu ta dawo, a 1991. Amma kaɗan ne suka koma da zama. Jikoki sun riga sun zama 'yan Kanada da 'yan Amurka masu zuwa Riga hutu. Cikin waɗanda suka koma akwai Vaira Vike-Freiberga, wadda aka fita da ita tana yarinya, ta yi zama a Jamus da Maroko, ta zama farfesa a Montreal, ta koma a 1998, aka zaɓe ta shugabar ƙasa a 1999, ta yi mulki har 2007. Ba kewa ce ta ba ta damar yin magana da majalisar ƙasar cikin harshen uwa bayan fiye da shekara 50 a waje ba. Makarantu da taruka da littattafan da iyaye suka ɗauki nauyi ne.

Akwai abu biyu da bai kamata a ɓoye ba. Na farko, ƙwaƙwalwar mai hijira tana zaɓe. Labarin da 'yan Latbiya na waje suka riƙa ba 'ya'yansu ya cika da zaluncin Sobiyet, wanda gaskiya ne, amma ya yi ƙarancin magana kan kisan Yahudawan ƙasar kimanin 70,000 a zamanin mamayar Jamus, wanda wasu 'yan ƙasar suka sa hannu a ciki. Na biyu, dawowa tana da nata waɗanda take dannewa. A watan Oktoban 1991 aka mayar da 'yancin zama ɗan ƙasa ga waɗanda suke da shi a 1940 da zuriyarsu, aka kuma mayar da gonaki da gidaje ga magadan masu su na da, bisa tsofaffin littattafan rajistar filaye. Dubban ɗaruruwan masu magana da Rashanci da suka zo a zamanin Sobiyet, wasunsu a can aka haife su, suka wayi gari ba su da takardar ɗan ƙasa. Zan dawo kan maganar rajista.

Bungudu da baƙin Gusau

Bungudu ta bi wata hanya. Sarautarta, Sarkin Fulanin Bungudu, ba ta ɗauke da sunan wani birni da aka baro. Sunan jama'a take ɗauke da shi. Ga mutanen da dukiyarsu ke tafiya da ƙafa huɗu, asali ya fi zama a dangi da ardo fiye da ganuwa. Gusau kuma, da jirgin ƙasa ya iso ta a ƙarshen shekarun 1920 kan hanyarsa ta zuwa Ƙaura Namoda, ta zama masaukin wasu: Yarabawa da Ibo da Kwarori masu sayen gyaɗa da auduga. Su ma abin da suka fara yi shi ne naɗa shugabanni da kafa ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, kuma fada ta san da su.

Hijirar yau

Tun wajen 2011 ƙauyukan Zamfara suke tashi saboda hare-haren 'yan bindiga. Kisan da aka yi a ƙauyen 'Yar Galadima a watan Afrilun 2014 ya nuna wa duniya girman abin. A 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wato ƙasar da ta karɓi masu hijirar ƙarni biyu da suka wuce. Waɗanda ba su tsallaka ba sun cika Gusau da Tsafe da garuruwan bakin titi. Ba a sansani mafi yawansu suke ba. Suna cikin kangaye da shagunan da ba a gama ba da zaurukan 'yan'uwa. Idan ka tambaye su, amsar ɗaya ce: an tashe mu. Kuma ba manoma kaɗai ba, akwai Fulani da yawa da aka sace wa shanu ko 'yan sa-kai suka ƙone wa ruga, su ma suna yawo ba mazauni.

Bambancin wannan hijira da ta Wonaka ko ta Maraɗi shi ne, yanzu gida-gida ake fita, ba gari-gari ba. Hari ya zo da dare, kowa ya yi ta kansa. Mai gari ya faɗa Gusau, liman ya faɗa Funtuwa, matan da aka kashe wa maza suna bara a bakin tasha, samari sun tafi haƙar zinare ko acaɓa a Abuja. Babu mai haɗa su ranar suna ko jana'iza. Wayar hannu ce ta rage tana ɗan riƙe zumunci, ita ma mun ga iyakarta a watan Satumban 2021 da aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya.

Kada wani ya ce sarauta ta zama kayan tarihi, ba ta da sauran aiki a nan. A watan Yulin 2022 sarkin sabuwar masarautar Yandoton Daji ya naɗa Ado Aleru, ɗan bindigar da hukuma ke nema ruwa a jallo, sarautar Sarkin Fulani, da sunan neman sulhu. Ƙasa ta ɗauki zafi, gwamnan lokacin, Bello Matawalle, ya dakatar da sarkin. Ban kawo wannan don in kare naɗin ba. Na kawo shi ne don ya nuna cewa mutumin da ke da ɗaruruwan bindigogi ya ga bindiga ba ta ishe shi ba, yana son rawani, domin rawani ne ke cewa kai ɗan ƙasa ne, kana da wurin zama a fada. Idan mai bindiga ya gane haka, abin kunya ne a ce mu masu nazari ba mu gane shi ba game da waɗanda ya kora.

Maganar tana da fuska ta yau da kullum. Yaron da aka haifa a kango a Gusau a 2016 zai nemi shiga jami'a ko aikin soja nan da 'yan shekaru. Za a tambaye shi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda yara ke kira indijin, kuma a al'ada sai mai unguwa ko dagaci ko hakimi ya shaide shi. Gusau za ta ce ubansa baƙo ne. Ƙauyen ubansa kufai ne, mai garin da ya san kakansa ya rasu, ba a naɗa wani ba, tunda babu garin da za a naɗa masa. Nijeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan 'yan gudun hijirar cikin gida, ta tabbatar da ita a 2012, amma sakataren ƙaramar hukuma ba yarjejeniya yake dubawa ba, hatimin hakimi yake nema.

Maganar gona ta fi wannan tsanani. 'Yan Latbiya sun dawo bayan shekara 50 sun tarar da iyakokin filayensu a rubuce. Mu iyakar gonar gado tana cikin kan dattawa: daga waccan kuka zuwa jerin gamba, daga bakin rafi zuwa tsohuwar rijiya. Gamba na mutuwa, ana sare itace a yi gawayi, dattawan kuma su ne hawan jini da yunwa suka fi ɗauka a zaman gudun hijira. A wasu wurare kuma gonakin ba a banza suke ba, ana noma su, ko dai 'yan bindiga na sa mutane aikin dole, ko maƙwabtan da suka biya harajin noma suka zauna. Ranar da aka samu lafiya, rigimar da za ta biyo baya ta wa ke da wace gona ce, kuma wanda ya zauna ya sha wuya ba zai yarda wanda ya gudu ya fi shi haƙƙi ba.

Shawarata ga masarautun Gusau da Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi ita ce kada a bar sarautar ƙauyen da ya tashi ta mutu. Idan mai gari ya rasu a gudun hijira, a naɗa magajinsa a inda jama'arsa suka fi yawa, a ba shi ikon shaidar 'ya'yan garinsa a gaban hukuma. Na san akwai haɗari: zama da sarakuna biyu a unguwa ɗaya na iya jawo gardama, kuma wasu za su ce yin haka kamar sallamawa ne cewa ba za a koma ba. Tarihin Wonaka da Rawayya ya nuna akasin haka.

Sai aikin da ya rataya a wuyanmu. Sassan tarihi da na Hausa da na nazarin ƙasa a Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejojin ilmi na Gusau da Maru suna da ɗalibai daga kusan kowace gunduma, wasunsu ma 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne. Kowane ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu zai iya ɗaukar ƙauye ɗaya da ya tashi, ya nemo dattawansa a inda suke, ya rubuta gidajen garin da sunayen masu su, da jerin masu gari da limamai, da gonaki da alamomin iyakarsu, da maƙabarta da rijiyoyi da ranar kasuwa. A haɗa da rugage da burtali da mashaya, daga bakin arɗaɗɗa, domin rajistar da ta rubuta gonar manomi ta tsallake hanyar shanu za ta zama makamin faɗa na gaba. A ajiye kwafi ɗaya a jami'a, ɗaya a fadar sarkin yanka, ɗaya a hannun mai garin.